Ponta do Sol: Ofis a Ƙauyen Ayaba, Yawo a Kan Ruwan Manoma

A watan Fabrairun 2021, lokacin da annobar korona ta rufe ofisoshi a Turai da Amurka, tsibirin Madeira ya buɗe ƙofa ga wani sabon nau'in baƙo. Madeira yanki ne na ƙasar Fotugal mai cin gashin kansa, a cikin Tekun Atlantika, kimanin kilomita 700 yamma da gaɓar Moroko, kuma mutanensa sun kai wajen dubu 250. Abincin tsibirin yana hannun masu yawon buɗe ido, ga shi kuma jirage sun daina sauke su. Sai gwamnatin yankin da hukumar Startup Madeira, tare da wani ɗan Fotugal mai suna Gonçalo Hall, suka ce tunda baƙon mako guda ya ɗauke ƙafa, a nemo wanda zai zo da kwamfutarsa ya zauna wata ɗaya ko fiye, yana yi wa kamfaninsa aiki daga nesa, yana kashe albashinsa a ƙauye.

Garin da aka zaɓa shi ne Ponta do Sol, a kudancin tsibirin, inda mutanen gundumar baki ɗaya ba su kai dubu 9 ba. Gari ne na ayaba da rake, matse tsakanin tsauni da teku. Aka ware wurin aiki kyauta a cibiyar al'adu ta John dos Passos, wadda ke ɗauke da sunan marubucin nan na Amurka da kakansa ya fito daga garin. A shekarar ne kuma aka ƙaddamar da wayar intanet ta ƙarƙashin teku mai suna EllaLink, daga Sines ta Fotugal zuwa Fortaleza ta Burazil, da reshenta a Madeira. Agogon tsibirin ɗaya ne da na Landan. Wanda abokan aikinsa suke Amurka kuwa ba ya zama gaban kwamfuta sai bayan azahar, don haka safiyarsa duka tasa ce, ya ɗaura takalmi ya nufi tsauni.

Hanyar da yake bi zuwa matsirgar ruwa ita ce ta fi damuna a wannan labari, domin ba don shi aka gina ta ba. Mutanen tsibirin suna kiranta levada: siririyar magudana ce da aka sassaƙa a jikin dutse, da 'yar turba a gefenta wadda a wasu wurare mutum biyu ba sa iya wuce juna. Dalilin yin ta yana cikin halittar ƙasar. Iskar arewa maso gabas tana kawo gajimare, tsaunukan tsakiya su tare su, ruwa ya zuba a arewa da kan tudu, kudu kuma, inda ake da rana da ƙasar noma, ta zauna da ƙishi. Tun a ƙarni na 15, bayan Turawan Fotugal sun sauka a tsibirin wajen 1420 sun same shi babu kowa, aka fara jan ruwa zuwa gonakin rake. Sukarin Madeira ya yi kasuwa a Turai, kuma cikin waɗanda suka yi wannan aikin ƙarfi akwai bayin da aka kwaso daga tsibiran Kanari da gaɓar Afirka. A wuraren da dutse ya miƙe tsaye, da igiya ake sauko da ma'aikaci ya sari dutsen yana lilo. An ci gaba da haƙa har cikin ƙarni na 20, kuma a yau tsawon magudanan ya kai dubban kilomita.

Ruwan nan yana da masu shi. Ana raba shi da awa, kowane mai haƙƙi da lokacinsa a cikin zagayen da suke kira giro, kamar yadda manoman rani suke karɓa-karɓar ban ruwa. Akwai ma'aikaci na musamman, levadeiro, wanda ke bin magudanar yana kwashe ganye da duwatsu, yana buɗe wa wannan gona yana toshe wa waccan. A Lombada, unguwar da ke saman Ponta do Sol, magudana biyu suna tafiya ɗaya bisa ɗaya, tsohuwar, Levada do Moinho, da sabuwar, Levada Nova, kuma baƙi suna son ta saman saboda turbarta tana ratsawa ta bayan ruwan da ke zubowa daga kan dutse. A nan ne a 1962, zamanin da Salazar yake mulkin Fotugal, mutanen unguwar suka tashi tsaye don hana a karkatar da ruwan tsohuwar magudanar zuwa sabuwa. Jami'an tsaro suka buɗe wuta, wata yarinya ta rasa ranta. Ina ganin duk mai ba da gidan haya a Lombada ya kamata ya gaya wa baƙonsa wannan kafin ya nuna masa hanya.

Wanda ya samu mota ya hau tudun Paul da Serra zai gangara Rabaçal, inda turbar 25 Fontes ke kai mutum wani tafki da ruwa ke tsattsafowa cikinsa ta ko'ina a jikin dutse, kusa da shi kuma ga matsirgar Risco mai tsawon kusan mita 100. A arewa, daga Queimadas, akwai turbar Caldeirão Verde, wadda ke bi ta cikin ramukan da aka huda a dutse, sai da tocila. Duk waɗannan suna cikin dajin Laurisilva da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1999. Wurin ba na wasa ba ne. Hazo yana rufe tudu cikin 'yan mintoci, turba tana santsi, gefenta kuma rami ne mai zurfi. Ambaliyar 20 ga Fabrairun 2010 ta kashe mutane sama da 40 a tsibirin, gobarar dajin watan Agustan 2024 kuma ta cinye fiye da hekta dubu 5 ta sa aka rufe wasu turbobi.

Amfanin zuwan waɗannan baƙi a fili yake. Mai gidan abinci yana samun ciniki a watannin da a da babu kowa, tsohon gidan da magada suka bari suka tafi ci-rani Benezuwela ko Afirka ta Kudu yana samun sabon rufi. Wanda ya zauna wata uku yana sayen kifi da burodi a unguwa, abin da baƙon jirgin ruwa mai kwana a cikin jirginsa ba ya yi.

Amma gidan da baƙon ya kama haya ma yana da wanda ya rasa shi. Tun watan Oktoban 2022 Fotugal take ba da biza ta musamman ga masu aiki daga nesa waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba, da sharaɗin samun kuɗin shiga da ya ninka mafi ƙarancin albashin ƙasar sau huɗu. Ke nan doka da kanta ta tabbatar cewa mai shigowa ta wannan ƙofa ya fi ma'aikacin gonar ayaba ƙarfin aljihu nesa ba kusa ba. Mai gida ba ya buƙatar dogon lissafi kafin ya san wa zai ba makulli. A ƙasar da rabinta tsauni ne, filin gini kaɗan ne, saurayin da ke shirin aure a garinsu shi ne yake fara jin jiki. Ban ga laifin baƙon da ya biya abin da aka nema ba. Alhakin yana wuyan hukumar da ta yi gayya, ita ya kamata ta ƙayyade gida nawa a kowace unguwa za a mayar na gajeren zama, ta kuma gina wa 'yan gari nasu.

A ɓangaren turbobi an riga an ɗauki mataki. Cunkoso ya yi yawa a turbobi irin su 25 Fontes har ƙasa tana zaizayewa, don haka a ƙarshen 2024 aka fara karɓar kuɗi, yuro 3 a lokacin, daga duk wanda ba mazaunin tsibirin ba ne kuma ya haura shekara 12, a kan wasu turbobi, sannan a Janairun 2025 aka faɗaɗa kuɗin zuwa sauran turbobin da hukumar gandun daji ke kula da su. Kuɗin na gyara ne da tsabta. Wanda ya kama haya na 'yan watanni ba tare da rajistar zama ba yana biya kamar kowane baƙo, kuma a ganina daidai ne, domin yana hawa turbar sau da yawa fiye da wanda ya zo hutun mako guda.