Ci-rani ko Ƙaura: Lissafin Barin Gida a Ƙasar Damagaram

A ƙaramar hukumar Guna, wadda ke cikin gundumar Mirya a kudancin birnin Damagaram, maganar barin gida takan taso ne da kaka, lokacin da aka gama ɗaure dammunan gero, magidanci ya dubi rumbu ya ƙiyasta watannin da hatsin zai ciyar da iyali. Idan lissafi ya nuna cewa ba zai kai wata damina ba, sai a zauna shawarar wanda zai tafi bida, wato neman kuɗi a wata ƙasa, da wanda zai tsaya ya kula da tsofaffi da dabbobi. Ƙorafin jama'a kuwa sananne ne: gonaki sun tsuke saboda rabon gado, ƙasa ta gaji, aikin albashi ya yi wuya, ita ma matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 ba ta ɗauki kowa ba sai ƙalilan daga matasan jihar Damagaram, wadda ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutum fiye da miliyan 3.5.

Tafiyar iri biyu ce, kuma rashin bambance su ne ke jefa gidaje da yawa cikin asara. Ci-rani shi ne mutum ya fita bayan girbi, ya yi ga-ruwa ko sayar da shayi ko gadi a Kano ko Legas, ya rage wa rumbu baki ɗaya, sannan ya komo kafin saukar ruwan shuka da kuɗin taki da tufafin yara. Ƙaura kuwa ita ce ya yanke ƙauna daga ƙasarsa, ya kwashe nasa ya nasa, ya koma wani wuri da niyyar zama. Damagarawa sun san irin wannan tun bayan da Faransawa suka ci birnin a 1899, domin nauyin haraji da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946, ya sa iyalai da dama tsallakawa zuwa ƙasashen Daura da Kazaure da Gumel da ke hannun Ingilishi. Waccan ƙaurar ta yiwu ne saboda harshe ɗaya ne, dangi na can, ga kuma dajin da za a sare a yi gona. Na ƙarshen nan kuwa ya yi ƙaranci a yau a kowane ɓangare na iyakar.

Tarihin shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa ƙofar maƙwabci tana rufuwa ba tare da sallama ba. A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu daga Najeriya, a 1984 kuma gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyaka daidai lokacin da fari ya cinye amfanin gona, har wasu yankunan Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa. Yaƙin Libiya na 2011 ya koro dubun-dubatar 'yan Nijar, da yawansu hannu rabbana, an sake rufe iyakar Najeriya a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, sannan faɗuwar darajar naira daga wannan shekarar ta sa abin da ɗan ci-rani ya tara a Kano yakan zube idan aka canza shi zuwa sefa.

Hanyar arewa, wato ta Libiya da Aljeriya, ta fi kawo kuɗi, ta kuma fi cin rai. Matafiyi yakan bi ta Tanut zuwa Agadas, inda ake loda mutane a bayan motar Hilux, kowa ya rungumi sandar da aka kafa tsakanin ƙafafunsa don kada ya faɗo, da jarkar ruwa naɗe cikin buhu a gefensa. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a hamadar arewacin Arlit bayan motocinsu sun lalace, 52 daga cikinsu yara ne, kuma akasarinsu daga gundumar Kance ta jihar Damagaram suka fito, suna nufin Aljeriya. Tun daga ƙarshen 2014 hukumomin Aljeriya ke maido da 'yan Nijar ayari-ayari ta garin Assamaka. Dokar Nijar ta 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, wadda ta sa direbobi kauce wa rijiyoyin da aka sani, an soke ta a Nuwamban 2023, amma sokewar ba ta rage nisan hamada ba, ba ta kuma ba kowa izinin zama a ƙasar da ya dosa ba.

Saboda haka dattawan da suka ga jiya ba su cika tambayar matashi ko ya gaji da ƙasarsa ba, domin gajiyar kowa na da ita. Abin da suke bincika shi ne inda kuɗin mota zai fito, da wanda zai sauke shi a can, da sana'ar da ke hannunsa, da kuma takardun da zai nuna, musamman tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025. Na farkon shi ne mafi nauyi, domin wanda ya sayar da akuya ya yi guzuri, ko an koro shi zai tarar da wurin shuka, amma wanda ya ba da gonar gado jingina, wato ya karɓi kuɗi a kanta mai kuɗin ya ci gaba da nomawa har sai an fanshe ta, idan tafiya ta ƙi yakan dawo ya zama ɗan ƙwadago a filin ubansa. Gidajen da bida ta ɗaga galibi su ne waɗanda suka tura mutum ɗaya ko biyu, sauran suka riƙe noma, kuɗin da ake aikowa ta kamfanonin aika kuɗi na Nita ko Al Izza kuma ya shiga sayen hatsi da dabbobi da rijiyar lambu maimakon biyan bashin tafiyar kanta.