Malaman Makaranta da Baitulmali: Tarihin Cinikin Albashi a Nijar

A ƙasar Nijar da wuya a sami ma'aikacin gwamnati da ya kai malamin makaranta kusanci da talaka. Ƙauyen da babu likita, babu jandarma, sau da yawa akwai mushen lakol da allonsa. Malamai su ne rukuni mafi yawa cikin masu karɓar kuɗin wata daga baitulmalin ƙasa. Saboda haka idan kuɗi suka yi ƙaranci a Yamai, su ne ke fara ji a jikinsu. Idan kuma suka ajiye alli, kowane gida sai ya sani, tun daga Tera har Difa. Wannan ne ya sa zaman tattaunawa tsakanin gwamnati da ƙungiyoyin malamai, wato sandika, ya zama al'amarin da ya shafi kowane uba da kowace uwa.

Daga wadata zuwa tsuke bakin aljihu

An fara haƙar ƙarfen uraniyom a Arlit a shekarar 1971. Da farashinsa ya tashi a tsakiyar shekarun 1970, zamanin mulkin Seyni Kunce, baitulmali ya samu shiga. An gina azuzuwa, an ɗauki ma'aikata. A lokacin, duk wanda ya fito daga makarantar horar da malamai yana da tabbacin aiki da albashi da fansho. Amma a farkon shekarun 1980 farashin uraniyom ya faɗi, ga bashi ya taru, ga farin 1984. Nijar ta shiga yarjejeniya da Asusun Lamuni na Duniya a 1983, da Bankin Duniya a 1986. Sharuɗɗan bashin sun haɗa da rage ɗaukar ma'aikata da hana kuɗin albashi ƙaruwa. A fannin ilimi aka zo da shirin rage tallafin ɗalibai, da raba yaran aji ɗaya kashi biyu, wasu da safe wasu da marece, malami kuwa ɗaya.

Malamai da ɗalibai suka ƙi amincewa. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, ɗalibai suka yi jerin gwano daga jami'ar Yamai. A gadar Kennedy jami'an tsaro suka buɗe wuta, aka rasa rayukan ɗalibai 3 bisa ƙidayar hukuma. Daga nan babbar ƙungiyar ƙwadago ta USTN, wadda sandikar malamai ta SNEN ke cikin ginshiƙanta a lokacin, ta shiga yajin aiki na gama gari. A watan Nuwamba na 1990 shugaba Ali Saibu ya amince da tsarin jam'iyyu da yawa. Babban taron ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, ƴan ƙwadago da ɗalibai suna ciki da kujerunsu. Rigimar da ta faro daga kuɗin makaranta sai ga ta ta taimaka wajen sake tsarin mulkin ƙasa baki ɗaya.

Shekarun bashin albashi

Dimokuraɗiyya ta zo, amma baitulmali bai cika ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma sefa 100. Farashin kayan waje ya hau, albashi kuwa bai bi shi ba. Abin da ya fi ciwo shi ne ƙarshen wata ya daina zuwa a kan lokaci. Ma'aikaci sai ya yi wata biyu ko uku yana jira, yana cin bashi wajen mai kanti da mai gidan haya. Yajin aiki ya yawaita, har wasu shekarun karatu suka lalace. Lokacin da Tanja Mamadu ya hau mulki a watan Disamba na 1999, bashin da ma'aikata ke bin gwamnati ya doshi albashin shekara guda. Daga baya aka biya wani ɓangare nasa da filayen gini a madadin kuɗi. Wasu sun gina gidaje a kai, wasu kuwa matsi ya sa suka sayar da filayen da araha.

Zuwan ƴan kwantaragi

Ranar 1 ga Yuni 1998 aka kafa dokar da ta tsara alƙiblar ilimi a Nijar, wadda ake kira LOSEN. A wannan lokaci yaro ɗaya ne kawai cikin uku ke zuwa makarantar firamare. Gwamnati na son buɗe dubban azuzuwa, amma ba ta da ƙarfin biyan cikakkun ma'aikata. Sai aka fito da tsarin malaman sa-kai, waɗanda daga baya aka kira ƴan kwantaragi. Matashi mai takardar birbe ko ta bak sai a ba shi ɗan gajeren horo, ko ma babu, a tura shi ƙauye da jika 35 a wata. Ba ya da lambar ma'aikacin gwamnati, ba ya hawa mataki, ba ya tara fansho.

Ta fuskar yawan yara tsarin ya yi amfani. A ƙarƙashin shirin bunƙasa ilimi na shekara goma da aka soma a 2003, yawan masu zuwa firamare ya ninka fiye da sau biyu. Amma a shekarun 2010 kusan malamai huɗu cikin biyar na firamare ƴan kwantaragi ne. A makaranta ɗaya sai a tarar da malamai biyu, aiki ɗaya, alli ɗaya, amma abin da ɗaya ke karɓa ya ninka na ɗan'uwansa. Su ma suka kafa ƙungiyoyinsu, irin su SYNACEB. Fagen ƙwadago ya rarrabu: a 2001 wasu ƙungiyoyi, ciki har da SNEN, suka fita daga USTN suka kafa CDTN. Da sandikar malamai suka yawaita, sai ya zamana dole su riƙa haɗa gwiwa kafin su tunkari gwamnati, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yadda ake cinikin

Tattaunawar tana da hanyarta. Da farko sandika kan miƙa takardar koke. Abubuwan da suka fi dawowa a ciki su ne: a biya kuɗin wata a ƙarshen wata, a ɗauki ƴan kwantaragi cikakken aiki, a biya kuɗin ƙarin girma da aka daɗe ana bi, a kyautata kuɗin haya da na zama a ƙauye mai nisa, a daina sauya wa shugabannin sandika wurin aiki don horo. Idan ba a samu amsa ba, sai a ba da sanarwar yajin aiki na kwana biyu ko uku, daga baya a ƙara. Gwamnati kan naɗa kwamitin ministoci, wanda ya haɗa da na ilimi, na ƙwadago da na kuɗi. Ita ma tana da nata makami, wato yanke kuɗin kwanakin da aka yi ba aiki. Idan magana ta cije, sai hukumar sasanta gwamnati da ma'aikata ta CNDS, ko ƙungiyar iyayen yara, ko sarakuna da malaman addini su shiga tsakani. A ƙarshe a sa hannu a takardar yarjejeniya.

Hujjar malami a fili take: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, haka kuma wanda ya yi askin dole a ba shi ladansa. Malamin da ke barin aji ya yi tafiyar yini guda zuwa babban gari neman kuɗin watan da ya wuce, ya dawo hannu sake, ba za a sa ran ya koyar da natsuwa ba.

Hujjar ministan kuɗi ita ma lissafi ce. A misali, idan aka ƙara wa malamai dubu 60 jika 10 kowanensu, kuɗin ya kama miliyan 600 a wata, wato miliyar 7 da miliyan 200 a shekara, kuma abu ne da za a ci gaba da biya kowace shekara. Ƙa'idar ƙungiyar ƙasashe masu amfani da sefa ta UEMOA ta ce kada albashi ya wuce kashi 35 cikin ɗari na harajin da ƙasa ke tarawa. Jama'a kuwa na ƙaruwa: ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5, ta 2012 ta sami miliyan 17. Kowace shekara sababbin yara na buƙatar sababbin azuzuwa. Tun harin Boko Haram a Boso da Difa a watan Fabrairu na 2015, tsaro ya riƙa cin kaso mai yawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka dakatar da tallafin waje, an zabge kasafin kuɗin wannan shekara da kimanin kashi 40 cikin ɗari.

Inda aka fi samun matsala shi ne bayan sa hannu. Sau da yawa akan yi alkawari don a kashe wutar yajin aiki, ba tare da an rubuta kuɗinsa cikin kasafi ba. Idan lokacin cikawa ya zo babu kuɗi, sai sandika ta ce an yaudare ta, a koma gidan jiya. Da yawa daga yajin aikin malamai ba sabuwar buƙata ce ke haddasa su ba, tsohuwar yarjejeniya ce da ba a cika ba.

Jarrabawar 2017

A shekarar karatu ta 2016 zuwa 2017 rikici ya yi tsanani a kan jinkirin biyan ƴan kwantaragi. Ministan ilimin firamare na lokacin, Dauda Mamadu Marte, ya ce sai an auna ilimin malaman kansu. Ƙungiyoyi da dama suka yi kira da a ƙaurace, suna cewa a cikin aji ake auna malami, ba a kan benci kamar ɗan makaranta ba. Duk da haka aka yi jarrabawar a watan Yuli na 2017, dubban malamai suka zauna. Sakamakon ya nuna cewa da yawa ba su kai matsakaicin maki ba. Aka sallami wasu, aka tura wasu ƙarin horo. Kowane ɓangare ya ɗauki darasinsa. Gwamnati ta ce ga dalilin faɗuwar ilimi. Sandika ta ce wanda ya ɗauki mutum aiki da araha, bai horar da shi ba, shi ne ya kamata ya fara amsa tambaya.

Wanda ke biyan kuɗin rigima

Mai hali, idan yajin aiki ya daɗe, sai ya kai ɗansa makarantar kuɗi. Ɗan manomi da ɗan makiyayi ba su da inda za su. Dama shekararsu gajeriya ce: ajin zana ba ya tsayuwa sai an gama girbi an samu kara, kuma ruwan farko ke rufe shi. Gobarar da ta cinye irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai a watan Afrilu na 2021, da ta Maraɗi a watan Nuwamba na wannan shekara, kowace ta hallaka yara 20 ko fiye. Kuɗin siminti da kuɗin albashi daga tukunya ɗaya suke fitowa. Yarinyar da ta yi makonni a gida kuwa, sau da yawa ba ta komawa aji, sai talla ko aure.

Abin da waɗannan shekaru suka koyar a bayyane yake. Yarjejeniyar da ke ɗorewa ita ce wadda aka lissafa kuɗinta, aka sa mata ranaku, aka shigar da ita cikin kasafi, aka kuma naɗa masu bin diddiginta daga ɓangarorin biyu. Ya kamata a yi zaman tun lokacin hutun damina, kafin a kammala kasafin shekara mai zuwa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Hukuma ta buɗe littafin kuɗi ta faɗi abin da za ta iya, ta kuma cika shi. Sandika ta tsaya a kan haƙƙin mambobinta, ta kuma tsawata wa malamin da ke barin aji ba dalili. Alkawari kaya ne, kuma yaran da ke zaune a kan tabarma suna jiran malami su ne ke ɗaukar nauyinsa idan manya suka kasa.