LITTAFI ƊAYA, AKAWU BIYAR: KWAMFUTA A SHAGUNAN AGEGE

Duk wanda ya san Agege, a cikin birnin Ikko, ya san ciniki ne ya kafa Zangon Hausawa a can. Tun da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano a 1912, fatake ke sauka suna sayen goro suna aikawa Arewa, shanu kuma suna gangarowa Kudu. Har wa yau mahauta da dillalai na cika mayankar Oko-Oba, wasu 'yan kasuwarmu kuwa sun koma sarin kaya daga kamfanonin Ilupeju, suna rarraba wa masu kantuna.

Yawancin wannan ciniki bisa bashi da amana yake tafiya. A da kowane maigida yana da malami mai riƙe masa littafi. Littafin ɗaya ne, alƙalami ɗaya, in mutum biyu suka zo tare, dole ɗaya ya jira ɗaya. Akwai jinkiri, amma ba a rubuta magana biyu a layi guda.

Yanzu shaguna da dama sun mai da littafin nan cikin kwamfuta, a abin da ake kira rumbun bayanai. A farkon shekarun 1980 manhajar dBase ta kamfanin Ashton-Tate na Amurka ce ta yi tashe, sa'an nan a 1992 Microsoft ya fito da Access. Irin waɗannan na kwamfutar tebur ne, watau kaya da farashi da sunayen masu bashi duk suna zaune a kwamfuta guda. Muddin akawu ɗaya ne, babu wata damuwa. Rigima tana farawa ne ran da kasuwa ta buɗe, aka haɗa kwamfuta huɗu ko biyar da waya, kowa yana rubutu a littafin nan lokaci ɗaya.

Ga misali. A ce buhu 40 na shinkafa ya rage a sito. Akawun gaba ya duba ya ga 40, ya sayar da 30. Kafin ya adana, akawun baya ya duba, shi ma ya ga 40, ya sayar da 25. Na farko ya rubuta saura 10, na biyu ya zo ya rubuta saura 15 a kan na ɗan'uwansa. Ga shi an karɓi kuɗin buhu 55, alhali kuwa 40 ke ƙasa. Babu wanda ya yi sata, amma gobe sai an zargi yaron sito, maigida kuma ya ji kunya a gaban mai saye.

Maganin da masana suka yi wa wannan shi ne kulle. Da zarar akawu ya fara gyara wani layi, sai manhaja ta kulle shi, kowa yana iya karantawa amma ba mai iya taɓawa sai ya gama. Akwai kuma hanya ta biyu, inda ake barin kowa ya yi aikinsa, sai a wajen adanawa manhaja ta gargaɗi wanda ya zo daga baya cewa wani ya riga shi canza layin. Ta farko ta fi dacewa da lissafin kaya da bashi. Ta biyu ta fi sauri, amma akawu mai gaggawa yana iya danne gargaɗin ya shafe aikin wani. Ya kamata maigida ya tambayi wanda ya haɗa masa tsarin wacce ya zaɓa.

Abu na biyu shi ne a raba rumbun gida biyu. Bayanan su zauna a kwamfuta guda wadda ba a wasa da ita, kowane akawu kuma a ba shi nasa kwafin fuskar da yake cikewa. Mummunar ɗabi'a ita ce kowa ya kwafe rumbun dungurungum ya yi aiki a nasa, wai a haɗa da yamma. Wannan ya zama littafi biyar ke nan, kowanne da tasa gaskiyar.

Sai batun wuta. In lantarki ya ɗauke ana tsakiyar adanawa, ko waya ta tsinke, fayil ɗin yana iya lalacewa, lissafin kowa ya tafi tare. Saboda haka lalle a sa wa kwamfutocin batirin da ke riƙe wuta kafin a tada janareta, a kuma ɗauki kwafi kullum bayan an tashi, a ajiye shi a wajen shago, don gobarar kasuwa ba ta sallama.

Bugu da ƙari, abin yana da iyaka. Microsoft ya ƙayyade fayil ɗin Access bai wuce gigabait 2 ba, masu shiga lokaci ɗaya kuma 255, amma a aikace tun kafin a kusanci wannan adadi yake fara nauyi. Wanda ke da reshe a Mile 12 ko Kano, gara ya koma wa manyan rumbuna irin su SQL Server ko PostgreSQL, inda uwar garke ke karɓar buƙatun kowa tana shirya su bi da bi.

Daga ƙarshe akwai tambayar da na'ura ba za ta amsa ba: wa ke da ikon soke bashi? Tun daga 2007 sabon fayil ɗin Access ba ya zuwa da tsarin bambanta ikon masu shiga, sai mai haɗawa ya gina shi da kansa. To, kowane akawu ya sami sunansa da kalmar sirrinsa, kuma duk canji ya bar shaidar wanda ya yi shi da lokacin da ya yi. Hausawa na cewa sabo da maza jari ne, amma a wajen lissafi rubutu shi ke raba gardama. Allah ya sa albarka a kasuwa, amin.