Ƙwarin tsaunukan New Zealand

Ƙwarin tsaunukan New Zealand su ne ƙwarin da ke rayuwa a saman duwatsun Tsibirin Kudu na ƙasar, sama da inda itatuwa ke iya tsirowa. Yawancinsu ba a samun su a wata ƙasa. A wannan yanki sanyi kan kai ruwa ya daskare ko da a lokacin zafi, don haka kowane ƙwaro yana da hanyarsa ta jure shi.

Weta na dutse

Weta ƙwaro ne dangin gyare, amma ya fi shi girma kuma ba shi da fukafukai. Sunan daga harshen Maori ya fito. Nau'in da masana ke kira Hemideina maori yana ɓuya a ƙarƙashin duwatsu da rana, ya fito kiwo da dare. Yana iya daskarewa a sanyin da ya kai digiri 10 ƙasa da sifili, har kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan jikinsa ya zama ƙanƙara, sannan ya farfaɗo idan ta narke. Ƙanƙarar tana taruwa ne a cikin jininsa, ba a cikin ƙwayoyin halittarsa ba, shi ya sa ba sa fashewa. Akwai kuma kyankyason tsauni, Celatoblatta quinquemaculata, da ke jure daskarewa kamar haka.

Baƙin malam-buɗe-littafi

Wannan ƙwaro na jinsin Percnodaimon yana zaune a gangaren tsakuwa. Baƙaƙen fukafukansa na tara zafin rana. Macen ba a kan ganye take saka ƙwai ba, a kan duwatsu take sakawa, inda ɗuminsu ke taimakawa wajen ƙyanƙyasa. Tsutsarsa tana cin ciyawar tsauni, kuma takan ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin ta girma.

Barazana

Kafin zuwan mutane, jemagu ne kaɗai dabbobi masu shayarwa da ke zaune a doron ƙasar New Zealand. Daga baya aka shigo da ɓeraye, da kuma stoat, wata ƙaramar dabba mai kama da tunku da aka kawo a shekarun 1880 domin rage zomaye. Manyan ƙwari marasa tashi kamar weta suna da sauƙin kamawa a wurinsu. Tsananin sanyi na rage yawan ɓeraye a saman duwatsu, amma masana na fargabar ɗumamar yanayi za ta ba su damar hawa sama. Ƙwarin da ke kusa da ƙololuwa kuwa ba su da wani wuri mafi sanyi da za su koma.