Abin da Ya Kamata Ku Sani Kan Jerin Gwanayen Makarantun Injiniyancin Kuɗi

Injiniyancin kuɗi fanni ne da ke haɗa lissafi da ƙididdiga da rubuta manhajar kwamfuta, domin sanya farashi ga hajojin kasuwar hannun jari da auna haɗarin asara. Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka ta buɗe digiri na biyu a wannan fanni a 1994, Jami'ar Berkeley ta biyo baya a 2001, yanzu kuwa makarantun sun yi yawa. Karatu ne mai ɗan karen tsada, shi ya sa mai neman gurbi kan fara duba jerin gwanaye da shafukan QuantNet ko Risk.net ke fitarwa.

Jerin yana da amfani ƙwarai. Yana tattara abubuwan da ɗalibi zai sha wuya kafin ya samo su shi kaɗai: kaso nawa na waɗanda suka kammala suka samu aiki, nawa ne albashinsu na farko, mutum nawa aka ɗauka cikin masu nema. Ya kuma fito da makarantun da sunansu bai yi ƙara ba. Kwalejin Baruch da ke birnin New York ta gwamnati ce, kuɗinta bai kai na manyan jami'o'i masu zaman kansu ba, amma ta sha hawa kan gaba a jerin QuantNet, kafaɗa da kafaɗa da Jami'ar Princeton. Ba don jerin ba, da ɗalibai da yawa daga ƙetare ba za su san da zamanta ba.

Sai dai akasarin alƙaluman daga makarantun suke fitowa, kuma makaranta na da riba idan ta hau sama. A 2021 wata kotun Amurka ta samu Moshe Porat, tsohon shugaban makarantar kasuwanci ta Jami'ar Temple, da laifin zamba saboda alƙaluman ƙarya da aka aika wa mujallar U.S. News. Wannan ya faru ne a wani fannin daban, amma ya nuna inda ƙofar take a buɗe. Ko babu ƙarya, ana iya ƙirga tsofaffin ɗaliban da suka amsa tambayar makaranta kawai, a bar waɗanda suka yi shiru domin ba su samu aiki ba.

Ku lura kuma da girman aji. Inda ɗalibai ba su wuce talatin ba, mutum biyu da suka samu albashi mai tsoka sun isa su ɗaga matsakaicin ajin duka. Saboda haka tazarar da ke tsakanin makaranta ta uku da ta shida a jerin sau da yawa ba ta taka kara ta karya ba. Haka nan makarantar da ke zaɓen haziƙai tun farko dole sakamakonta ya yi kyau, kuma jerin ba zai bambance muku ƙoƙarin malamai da hazaƙar da ɗalibai suka zo da ita ba.

Akwai kuma abin da jerin bai auna ba. Albashin New York yana tafe da kuɗin haya na New York. Ɗalibin ƙetare a Amurka da ya karanta fannin lissafi ko kimiyya kan samu izinin aiki har na wata 36, daga nan galibi sai ya shiga ƙuri'ar bizar aiki ta H-1B, wadda babu makarantar da ke da iko da ita.

To ku yi amfani da jerin wajen tace makarantu zuwa biyar ko shida, sannan ku tambayi kowacce: mutum nawa aka ƙirga, waɗanne kamfanoni suka ɗauke su, wane irin aiki suke yi, ɗaliban ƙetare nawa ne a ciki? Ku nemi tsofaffin ɗalibai ku ji daga bakinsu, ku duba darussan ko sun dace da aikin da kuke buri. Wanda zai zuba dukiya irin wannan bai kamata ya yi cinikin biri a sama ba.