Gadar Kawo da Ma'aunin Riba da Hasara

Duk ɗalibin da ya taso a Unguwar Shanu, Abakpa ko Unguwar Sarki ya san Kawo. Ita ce ƙofar Kaduna ga mai zuwa daga Zariya, Kano ko Katsina. Iyayenmu da malamanmu suna tuna irin cunkoson da ake sha a tsohuwar gadar, musamman da yamma ko gab da sallah. A shekarar 2019 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ƙaddamar da shirin sabunta birane, aka sake gina gadar da faɗi, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta a watan Janairun 2022. Tambayarmu ta wannan mako ita ce: kafin hukuma ta zuba kuɗin jama'a a aiki irin wannan, yaya ake gane ya cancanta?

Hanyar da masana tattalin arziki ke bi ita ce auna riba da hasara. Kada sunan ya ba ku tsoro, domin kullum muna yin sa. Wanda aka ba kuɗin tara da kuɗin Keke NAPEP, ya tsaya yana tunanin ko ya taka da ƙafa ya ci awara da canjin, to ya fara wannan lissafi. Bambancin kawai shi ne, hukuma a rubuce take yi, kuma sakamakon yana shafar dubban mutane.

Yadda ake yin lissafin

Ana raba takarda gida biyu. A gida ɗaya a jera abin da aikin zai ci: siminti, rodi, ladan ma'aikata, diyyar gidaje da shagunan da za a rushe, wahalar zagaye a lokacin gini, da kuɗin gyara a shekarun gaba. A ɗaya gidan a jera amfanin: lokacin da matafiya za su tsira da shi, man da ba za a ƙona a cunkoso ba, raguwar haɗari, da tumatirin da zai isa kasuwa bai ruɓe ba.

Sai a mayar da kowane abu zuwa naira domin a iya kwatantawa. Ga misali na aji, ba ƙididdigar hukuma ba: a ce mutum 10,000 ke bin hanya kullum, kowa ya rage minti 12. Wannan awa 2,000 ke nan a rana. Idan aka kimanta awa ɗaya a kan naira 500, an sami miliyan ɗaya kullum. Akwai kuma wata ƙa'ida: nairar yau ta fi ta shekara goma masu zuwa daraja, don haka ana rage wa amfanin da zai zo can gaba nauyi. In jimillar amfani ta rinjayi ta hasara, sai a ce aikin ya ci jarrabawa.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Wani injiniyan Faransa mai suna Jules Dupuit ya yi rubutu a 1844 a kan yadda za a auna amfanin ayyukan jama'a irin su hanya da gada. A 1936 Amurka ta yi dokar yaƙi da ambaliya wadda ta ce a yi aiki idan amfaninsa ya wuce kuɗinsa, ko ma wane ne zai ci amfanin. Ku riƙe wannan magana ta ƙarshe, domin a nan gizo yake saƙar.

Inda ma'aunin ke karkata

Na farko, wanda ya ci riba ba lallai ne shi ya yi hasara ba. Mai motar da ya wuce Kawo cikin minti biyu daban, mai shayin da aka tashe shi daga bakin titi daban. A watan Maris na 2020 an rushe Kasuwar Barci da ke Tudun Wada domin a gina ta zamani. A takarda, sabuwar kasuwa na iya fin tsohuwa komai da komai. Amma telan da ya rasa rumfa yana da yara a makaranta, kuma cikinsu ba ya jiran a gama gini. Jimilla tana iya nuna riba alhali wasu gidaje sun durƙushe.

Tarihin Arewa ya nuna yadda abin ke ƙarewa idan aka yi biris da wannan. An gina madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara domin noman rani. Manoma da yawa suka rasa gonakinsu, suka yi ta kuka kan diyya, suka tare hanyoyi. A watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka yi asarar rayuka.

Na biyu, abin da ba a sa a takarda ba, kamar babu shi ne. Madatsar Tiga a Kano, wadda aka kammala a 1974, ta ba manoman su Kura da Kadawa ruwan noman rani. Sai dai ta rage ruwan da ke malala zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, inda masunta, makiyaya da manoman shinkafa ke cin abinci. Da masana irin su Edward Barbier suka lissafa kifi, itace da amfanin gonar fadamar, sai suka ga ruwan da ya isa can ya fi kawo amfani a kan wanda aka tare a sama.

Na uku, akwai abin da ba ya shiga sikeli. A 1973 kamfanin motoci na Ford ya miƙa wa hukumar Amurka wani lissafi: gyaran da zai rage tashin gobara a motoci zai ci dala 11 kowace mota, jimilla kusan dala miliyan 137, alhali rayuka da raunukan da za a kare an kimanta su kusan dala miliyan 50, an sa wa kowane rai dala 200,000. Da takardar ta fito fili a rikicin motar Pinto, jama'a suka yi Allah wadai. Shin akwai uwar da za ta karɓi wannan farashi a kan ɗanta?

To, a jefar da ma'aunin?

A'a. Kuɗin gwamnati ba rijiya ba ne. Nairar da ta tafi gada ba za ta sayi benci ko magani ba, kuma shugaban da ba ya lissafi, son rai ne zai yi masa jagora. Gyaran shi ne a ƙara wa lissafin tambayoyi huɗu. Wa zai amfana, wa zai cutu? An zauna da waɗanda abin zai shafa, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo? An biya diyya da wuri, kafin katafila ta iso? Akwai haƙƙin da bai kamata a taɓa ba, komai yawan ribar? Malaman fiƙihu ma suna da ƙa'idar cewa tunkuɗe ɓarna ake gabatarwa a kan jawo amfani.

Ga aikin gida. A ce makarantarmu ta sami kuɗin aiki ɗaya tak: ko a gyara ban-ɗakin 'yan mata, ko a shafe ginin gaba da fenti, ko a sayo kwamfutoci biyar. Ku raba takarda biyu, ku jera riba da hasarar kowanne, sannan ku rubuta sunan rukunin ɗaliban da zai fi cutuwa in ba a zaɓi nasa ba. Ku miƙa amsa ga ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Juma'a. Uku da suka fi ƙarfin hujja za mu liƙa su a nan mako mai zuwa.