3.2 Taron Waiwaye a Tsarin Sikiram

Kamar yadda aka nuna a babi na biyu, a shekarar 2001 ne masana manhajar kwamfuta su 17 suka hallara a jihar Yuta ta Amurka, suka fitar da sanarwar Ajayil, wadda ta fifita mutane da cuɗanyarsu a kan ƙa'idoji da kayan aiki. A wannan sashe za a dubi inda manufar ta fi fitowa fili, wato taron waiwaye.

Tsarin Sikiram, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995, yana kasa aiki zango-zango, kowane zango ba ya wuce wata ɗaya. A ƙarshen zango sai ƙungiyar, wadda galibi ba ta haura mutum 10, ta zauna ta duba abin da ya tafi daidai, da abin da ya kawo cikas, da gyaran da za a jarraba.

Sai dai zama kaɗai ba ya kawo sauyi. Idan mai ba da ƙarin girma yana ɗakin, ƙaramin ma'aikaci kan ja bakinsa ya yi shiru, ko da kuwa shi ke da sabuwar dabara. Shi ya sa wasu ƙungiyoyi kan sa kowa ya fara rubuta ra'ayinsa a 'yar takarda kafin a buɗe tattaunawa. A ganin mai wannan nazari, babbar matsalar ita ce cikas ɗin da ya fi ƙarfin ƙungiya, kamar jiran sa hannun wani sashe. In an yi ta kawo kukan, hukumar kamfani ba ta motsa ba, mutane kan daina faɗa.